Alayyahu a Cikin Jirgin Fito

Wara, Ngaski.

Zuwa ga ɗiyata Hauwa'u,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fata wannan takarda ta same ki kin sauka lafiya, kin kwance kaya, kin sha ruwa, gajiyar mota ta fara sakin ki. Allah Ya sa kin shiga garin a sa'a, Ya haɗa ki da mutanen kirki, Ya tsare ki daga sharrin hanya da na masauki. Innarki tana gaishe ki, ko da yake ba ta san abin da nake rubutawa ba. Ɗazu ta leƙo ta gan ni da biro, ta ce tun da take ba ta taɓa ganin na rubuta abin da ya wuce lambar waya ba. Na ce mata ta je ta duba tukunyarta.

Uwata, kin san sunan mahaifiyata gare ki, shi ya sa ban iya zaunar da ke in yi miki dogon wa'azi ido da ido. Da na buɗe baki sai in ji kamar tsohuwar ce take kallona. To ga takarda, ita ba ta jin kunyar kowa. Zan cusa ta cikin jakarki tare da wani ƙullin tsumma, kada ki yar da shi, iri ne a ciki.

Na san gobe a bakin mota kowa zai ba ki tasa nasihar. Innarki za ta ce ki riƙe salla, yayanki Garba zai ce ki kula da waya a tasha, gwaggonninki za su ce abin da suka saba cewa. Duk gaskiya ne, ki riƙe. Tawa nasihar ɗaya ce, kuma na san za ki yi dariya: idan kin isa, ki shuka wani abu. Ko a cikin tsohon buhu ne, ko a fasasshen bokiti, ki shuka abin da zai riƙa jiran ki kowace safiya.

Bari in gaya miki dalili. An tura ki aikin asibiti can wajen Kangiwa, garin da ba kogi, ba tafki, ba wanda ya san ɗiyar wane ce ke. Aikin jinya kuwa aiki ne da ake dawowa gida da shi a zuciya. Na gan ki bara lokacin da kike koyon aiki, ranar da wata majinyaciya ta rasu a hannunku. Kika dawo kika rufe ɗaki, kika ture abinci, duk wanda ya tambaye ki sai ki ce ba komai. Innarki ta ce ciwon kai ne. Ni na gane ba ciwon kai ba ne, domin halina kika ɗauko kamar yadda kika ɗauko wannan dogon hancin nawa. Mu idan abu ya dame mu ba ma kuka, ba ma faɗa, shiru muke yi, kuma shirun nan yana iya cinye mutum yana zaune. A nan gida akwai masu buga miki ƙofa har sai kin buɗe. A can babu. Wannan shi ne abin da yake ba ni tsoro, ba hanya ba, ba baƙunta ba.

Ke kin san lambun gidanmu yana kore shar, kin san tsohon jirgin nan da ke tsakar gida cike da ganye. Yadda aka fara ne ba ki sani ba, don lokacin kina makarantar kwana a Yelwa, sai hutu kike zuwa. Kin tarar da abin ya kankama, kika ɗauka babanki gwanin lambu ne tun asali. To zauna ki sha labari, ki ji irin shirmen da na tafka.

Tun ina yaro a kan ruwa nake. Na yi su, na yi fito, na ƙetara da mutane da buhuna da shanu da babura, har amarya na sha ƙetarawa da ita da kayan ɗakinta. Ranar da jiri ya ɗebe ni ina riƙe da inji, jirgi cike da 'yan kasuwa, Allah ne kawai Ya kiyaye, Garba yana kusa ya karɓe. Likita ya ce hawan jini ne, ya ce ni da tuƙi sai dai kallo. Garba ya ci gaba da babban jirgi. Ƙaramin kuwa, na katako, wanda na fara sana'a da shi, ya riga ya tsufa yana yoyo ta ko'ina, sai aka jawo shi gida don a faskare a yi girki.

Ban bari an faskare ba. Kullum bayan asuba sai in je in zauna a cikinsa, a tsakar gida, a kan busasshiyar ƙasa, in yi tagumi. Ba na zuwa bakin ruwa don kada in ga jirage suna tashi ba ni. Ba na zuwa majalisa don kada a yi mini jaje. Abinci sai an yi da gaske. Haka damina ta wuce, kaka ta wuce, ni dai ina zaune cikin jirgin da ba ya zuwa ko'ina.

Innarki ce ta gaji. Wata safiya ta zo ta tsaya a kaina da gatari a hannu ta ce, "Malam, wanga jirgi ya tare mini wurin shanya. Ko dai a yi wani abu da shi, ko in hwaskare shi yau ɗin nan, kana ciki ko ba ka ciki."

Kin san Innarki, idan ta riƙe gatari ba a yi mata musu. Na ce to me za a yi da shi? Ta ce ita ina ruwanta, in zuba ƙasa in shuka mata ganyen miya, ta huta da aike kasuwa. Na amsa ne kawai don in ceci jirgina. Wallahi ba don son lambu ba.

Ga kuskurena na fari. Kafin in zuba ƙasa, sai na duba cikin jirgin na ga ɓula nan, tsaga can. Mutumin da ya yi rayuwarsa a kan ruwa ba ya iya ganin ɓula a jirgi ya wuce. Na samo tsumma da kwalta, na zauna na liƙe kowace kafa tsaf, har na zuba ruwa na gwada, ko ɗigo bai fita ba. Na ji daɗin aikina ƙwarai. Sannan na sa aka ɗebo mini baƙar laka daga bakin tafki, na cika shi, na watsa irin alayyahu, na dasa tattasai da tumatir. Ruwa kuwa safe, rana, yamma. A ganina ruwa alheri ne, ba a cewa ya yi yawa.

Da fari sun tsiro, na fara murna. Can sai ganye ya koma rawaya, kara ya yi laushi, ƙasar ta fara wani irin wari. Ni kuma da na ga sun yi yaushi sai na ɗauka ƙishi ne, na ƙara musu ruwa.

Ana haka Bitrus ya shigo. Kin san shi, maƙwabcinmu Bakambare da ya sauko daga tudu ya zauna a Wara, mai kawo mana doya lokacin Kirsimeti. Ya daɗe yana sallama ina cewa a ce ba na nan, ranar dai bai jira izini ba. Ya tsaya ya dubi jirgin, ya tsoma yatsa cikin ƙasar, ya shinshina, ya dube ni.

Ya ce, "Mamman, shuka kaka yi ko kiwon kihi?"

Na ce wace irin magana ce wannan.

Ya ce, "To ruwan da kaka zubawa, ta ina shika hita?"

Na ce da alfahari, "Ba shi hita. Ni da kaina na liƙe shi."

Uwata, mutumin nan ya yi dariya har sai da ya zauna a kan turmin Innarki. Ya share hawaye ya ce, "Ku mutanen ruwa sai Allah. Saiwa ma numfashi takai, ka nutsad da su da ransu. Sai ka huda gindin jirgin ga, huji babba-babba, ruwa shi samu hanya."

Na ce masa ya fita mini daga gida. In huda jirgi? Ni? Shekara da shekaru ina kwarfar ruwa ina toshe kafa, ina kwana da tunanin yoyo, yau a ce in ɗauki ƙarfe in huda jirgina da hannuna? Ya tafi yana dariya, amma ya bar mini wani ƙarfe mai tsini da guduma a bakin ƙofa.

Na daɗe ina harare-hararen ƙarfen nan. Abin da ban gaya wa kowa ba shi ne, a can cikin raina ina ganin muddin jirgin bai yoyo, wata rana zan juye ƙasar in mayar da shi ruwa. Huda shi yana nufin na yarda an gama. Ranar da tumatir na ƙarshe ya kwanta, na kwashe laka da hannuna, na kifa jirgin, na ɗora ƙarfe na buga. Bugun fari sai da idona ya kawo ruwa, ban ɓoye miki ba. Na biyu ya zo da sauƙi. Kafin azahar na yi masa huji ya fi a ƙirga, kuma abin mamaki, sai na ji ƙirjina ya yi sakayau kamar na sauke buhun gero. Ranar na ci tuwo har na nemi ƙari.

To ke ma duk abin da za ki shuka a ciki, buhu ne ko roba, ki fara huda gindinsa. Ki zuba 'yan tsakuwa a ƙasa, ki haɗa ƙasarki da yashi da busasshen kashin awaki, kada ki sa laka zalla irin tawa, idan ta bushe tauri take yi kamar bulo. Ruwa kuma ki tsoma yatsa tukuna, idan da danshi ki bari sai gobe. Can garin da za ki an ce ruwa sai an yi layi a famfo, to ba sai kin sayi na lambu daban ba. Ki ajiye shukarki inda kike alwala, ki riƙa zuba mata ruwan wankin shinkafa. Mai sabulu ne kawai ban yarda ba. Kuma ki bar wa zuciyarki irin wannan hujin. Abin da kika gani a asibiti ya tsaya miki a rai, ki nemi wanda za ki gaya wa, ko ni ne ki kira, ko ba ni da maganin abin zan saurara.

Shuka ta biyu ta kama. Amma kada ki ɗauka na yi hankali.

Na ji an ce kifi taki ne mai ƙarfi. Na ce to ai ni a gidan kifi nake. Na je wurin masu ƙyafe kifi a bakin ruwa, wanda shi ne zuwana na fari tun da na bar tuƙi, na roƙo hanji da ƙaya da kawuna cike da bokiti. Na zo na barbaza a kan ƙasar, na ɗan yayyafa yashi a sama, na koma gefe ina jiran tumatir ya yi girman kabewa. Washegari da na fito, na rantse miki duk wata kyanwa da ke garin Wara tana cikin jirgina. Fara, baƙa, mai dabbare-dabbare, har da wata mai ido ɗaya da ban taɓa gani ba. Sun tone komai. Ƙudaje kuwa har gidan liman. Innarki ta toshe hanci da gefen zane ta ce da ta san haka ne da ta bar ni da tagumina, shi aƙalla ba ya wari.

Bitrus ya ce kifin ba laifinsa ba ne, zurfi ake binne shi, kaɗan-kaɗan, nesa da saiwa, kuma tun kafin a yi shuka. Ki riƙe wannan. Abu mai kyau ma idan aka tula shi gaba ɗaya ɓarna yake yi. Ke da za ki zauna gidan haya, ki ma bar maganar kifi gaba ɗaya, kada a kore ki tun ba ki karɓi albashin fari ba.

Sai kuma rashin haƙuri. Masunci ya saba da safe ya je ya ɗaga taru ya ga abin da ya kama. To haka na riƙa yi wa albasa. Na dasa ta a goshin jirgi, kowace safiya sai in tuge ɗaya in duba ko ta yi kai, in mayar in danne. Gobe in tuge wata. Da Bitrus ya kama ni ina yi, ya riƙe baki ya ce, "Kai wanga mutum, in matarka na da ciki haka kaka yi mata?" Albasar nan ko ɗaya ba ta yi ba, sai ganyen muka ci. Abin da ke ƙarƙashin ƙasa ba ya son a riƙa leƙa shi. Ki zuba ruwa ki tafi aikinki. Haka ma sabon gari, kada ki riƙa tambayar kanki kowace safiya ko kin saba. Ki ba shi lokaci, wata rana za ki ji kin kira wurin gida ba ki lura ba.

Yanzu bari in ba ki labarin akuyar Innarki, wannan jar mai ƙaho ɗaya a karye, wadda aka yanka a sunan ɗan Garba. Alayyahu ya tashi gwanin sha'awa, ganye fatan-fatan, ina ta yi wa kowa burga. Na je masallaci sallar la'asar, na dawo na tarar da ita tsaye a tsakiyar jirgi, ƙafa huɗu, ta share rabi, ganye yana lilo a bakinta, tana kallona ko gezau. Na ɗaga sanda. Sai na ga yadda ta tsaya ta ware ƙafafu, daidai yadda 'yan tudu suke tsayawa idan sun shiga jirgi karon fari suna tsoron ya kife. Ban san lokacin da dariya ta ƙwace mini ba. Na ce a duk shekaruna na fito ban taɓa ɗaukar fasinja mai cin kayan jirgi ba sai yau. Na yi ta dariya ni kaɗai har na riƙe ciki.

Innarki ta fito da gudu daga ɗakin girki, ludayi a hannu, ta tsaya tana kallona. Sai na ga ta juya tana goge ido da bakin mayafi. Na ce mata alayyahu ne fa kawai, zai sake tohowa. Ta ce, "Ba alayyahu nika yi ma kuka ba, Malam. Na manta yadda dariyarka take."

Daga nan na kewaye jirgin da tsohon taruna. Akuya ba ta sake shiga ba, sai dai kajin maƙwabta da suka riƙa sarƙewa a ciki ina kwance su. Garba ya ce Baba ya koma su, amma yanzu kaza yake kamawa. Ki yi wa shukarki shinge tun ranar fari, ko da ƙaya ce, ko ki ɗora ta a kan bulo. Idan kuma duk da haka wata dabba ta yi miki ɓarna, ki dube ta da kyau kafin ki ɗaga sanda, wataƙila akwai abin dariya a wurin.

Ban san yadda zan kwatanta miki daɗin abin nan ba, sai kin yi da kanki. Ka tashi da safe kana da wurin zuwa, ko da taku kaɗan ne daga ƙofar ɗaki. Ka durƙusa ka ga abin da jiya babu shi yau ya fasa ƙasa, ɗan ƙaramin kore, kansa a lanƙwashe, wani ma da ɓawon irin a kansa kamar hula. Ka taɓa ganyen tumatir ƙanshinsa ya bi ka hannu har wurin karin kumallo. Furen kuɓewa ya buɗe da hantsi, rawaya mai jan ciki, zuma ta zo ta shige har ba a ganin ta. Ni da ban taɓa kallon fure ba a rayuwata, sai ga ni ina kiran Innarki ta zo ta gani, tana cewa ita tana da aiki, amma tana zuwa. Tunanin da ke hana ni sakat bai tafi rana ɗaya ba. Raguwa ya riƙa yi, domin hannuna yana cikin ƙasa, kaina yana kan tsutsar da ke cin ganye, ba ni da lokacinsa.

Kuskurena na ƙarshe shi ya fi kowanne, kuma shi nake so ki fi kula da shi. Da alayyahu ya sake tashi, sai na hana a taɓa. Innarki ta zo da wuƙa na ce a bari ya ƙara girma. Matar Bitrus ta aiko a sam mata na miya, na ce bai isa yanka ba. Gaskiyar magana rowa ce ta kama ni. Abin ya yi mini kyau a ido, ina ganin idan aka yanka an rage mini farin cikina. Na zauna ina gadi, ina kallo, har ya yi tsawo ya fitar da kai, ganyen ya yi tauri ya ƙanƙance. Ranar da na yarda aka dafa, kamar ana tauna igiya. Ba mu ci ba, maƙwabta ba su ci ba, akuya ma sai da ta yi tunani.

Bitrus bai yi dariya ba wannan karon. Ya ce, "Mamman, ganye yanka shika so. In ka yanke shi, reshe biyu shika hiddowa. In ka bar shi, tsuhwa shikai shi mutu." Ya karɓi wuƙa ya nuna mini inda ake yankewa, sama da gaɓa, a bar masa 'yan ganye a ƙasa.

Shuka ta gaba na yanka tun tana ɗanya shataf. Na ƙulla dami-dami da kaina, na bi gida-gida. Ni da na yi wata da watanni ina ɓuya, sai ga ni ina sallama a ƙofar mutane da ganye a hannu. Kin san ba a karɓar abu a ƙofa a ce ka tafi. Sai an shimfiɗa tabarma, an kawo ruwa, an tambayi jiki, an ba ka labarin wanda ya yi aure da wanda ya sayi inji. Wata tsohuwa ta ba ni irin yakuwa, wani ya yanko mini reshen zogale, wani malamin makaranta ya kawo na'a-na'a a gwangwani ya ce in gwada. Jirgi ya cika, muka koma buhuna, muka koma tsofaffin tukwane, har randar Innarki da ta tsage ban bari ta huta ba. Yanzu kin ga yadda gidanmu yake da yamma, wannan ya zo neman dashen tattasai, wancan ya zo gardamar taki, abokan fitona na da suna zuwa su zauna a gefen jirgi suna ba ni labarin ruwa, kuma ina saurara raina bai ɓaci ba. Har bakin tafki nake zuwa yanzu in taya Garba ɗaure jirgi, in dawo da yashi.

A cikin ƙullin nan akwai alayyahu, akwai kuɓewa, akwai yakuwa, duk daga gidan nan. Ki fara da alayyahu, shi ba ya da fushi, kuma yana saurin faranta rai. Idan na fari ya mutu kada ki damu, kin dai ji nawa babanki ya kashe.

Saura magana ɗaya, ita ce ban taɓa gaya wa kowa ba. A lokacin nan da nake zaman shiru, kin zo hutu. Ina cikin ɗaki, ku kuna tsakar gida ke da Innarki kuna tsintar shinkafa, kun ɗauka barci nake. Na ji kin rage murya kin ce, "Inna, wai Baba ya daina son mu ne?" Uwata, na so in fito in ce miki a'a, in ce ban taɓa son ku kamar lokacin ba, amma bakina ya yi nauyi, na kasa ko motsi. Haka shirun nan yake. Mai shi yana ciki yana son mutane, su kuma suna waje suna ganin ya juya musu baya. Ga amsarki yau, ko da ta makara: ban daina ba, ko na rana ɗaya. Kuma ba na so wata rana wani mai ƙaunarki ya tsaya a bayan ƙofarki yana yi wa kansa irin wannan tambayar.

Saboda haka ga abin da nake roƙon ki. Ranar da alayyahunki ya isa yanka, kada ki ci ke kaɗai. Ki yanka, ki ƙulla, ki sa mayafinki, ki je ƙofar da ta fi kusa da taki ki yi sallama. Idan an ce ki shigo, ki shiga. Idan an shimfiɗa tabarma, ki zauna. Sannan ki kira ni ki gaya mini sunan matar gidan, da 'ya'yanta nawa, da irin miyar da ta yi da shi. Hoton ganye ki tura wa Garba, ni ba shi nake so ba. Ranar da na ji sunan nan a bakinki, ranar zan san ɗiyata tana da mai buga mata ƙofa, in kwanta in yi barci da minshari.

Allah Ya tsare ki a tafiya da zama. Ya sa albarka a hannunki, duk wanda kika taɓa Ya ba shi lafiya. Ya kare ki daga baƙin ciki mai zaunarwa, Ya ba ki maƙwabta masu yawan surutu. Ya dawo mana da ke lafiya, da ƙiba, da labari. Innarki, da Garba da iyalinsa, da Bitrus da matarsa, duk suna yi miki fatan alheri. Na yafe miki duniya da lahira, ke ma ki yafe mini.

Wassalam.

Ni ne babanki,
Mamman mai fito,
ina nan ina jiran sunan.